iPad, makahon allo ko allo mai sikirin: wanne mai zane a Legas ya kamata ya saya?

Satin da ya wuce bayan isha'i muna zaune wajen mai shayi nan Agege, wani ƙanin abokina da hannunsa ya faɗa a zane tun yana firamare ya matso da wayarsa ya ce, "Yaya, na ɗan tara abin da na tara, iPad zan saya ne ko irin allon nan naka?" Na ce masa samu benci ka zauna tukuna, wannan ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce. Ni dai yau shekara kusan bakwai da zane nake ci da shi nake sha, hotunan littafin yara, katin biki mai katun ɗin ango da amarya, tambarin masu suya da masu turare, wani lokaci bangon littafin marubutan intanet, kuma kayan nan huɗu da zan yi magana a kansu, wato makahon allo da allo mai sikirin da iPad da tab ɗin Samsung, babu wanda bai bi ta hannuna ba, wani nawa ne wani na aro. Abin da na gaya masa a daren shi zan baje a nan, don na san ba shi kaɗai ne kansa ya ɗaure ba.

Abin da za ka auna kafin ka taɓa aljihu

Na farko wuta. Masu bidiyon YouTube da kake kallo suna yabon kaya ba sa kawo wannan a lissafi sam, don su ba a ɗauke musu wuta. Mu nan ko kana layin Band A da aka ce awa 20 za a riƙa ba ka a rana, a watan Afrilun 2024 sai da kuɗin ya haura zuwa naira 225 kowane yunit, in kuma ba ka kan layin to kai da janareto ne, man fetur kuwa kowa ya san yadda ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Don haka tambayar farko: in wuta ta tafi ƙarfe takwas na dare, kwastoma na jiran aiki da asuba, awa nawa abin zai ɗauke ka?

Na biyu kuɗi, amma kuɗin duka, ba wanda mai shago ya faɗa maka da farko ba. Alƙalami, manhaja, wayar haɗi, kwamfutar da za a jona, duk a ciki. Zan riƙa faɗin farashi da dala inda na san shi, saboda tun da aka saki naira a 2023 farashin Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja, ba ya kwana biyu wuri ɗaya, in na rubuta na naira yau wata mai zuwa ya zama labari.

Na uku, wanda yawancin sabbin shiga ba sa tunawa: ina aikin naka zai ƙare? A fuskar waya, wato Instagram da WhatsApp da TikTok, ko a kan takarda wajen masu buga littafi a Shomolu da Mushin? Hanya biyu ce daban.

Sai ƙarko da samun mai gyara, sai sauƙin koyo da sauƙin ɗauka a jaka cikin danfo, na ƙarshe haɗarin da ke cikin sayen shi kansa, musamman in tokumbo ne.

Makahon allo da laftof

Ni nake ce masa makahon allo, wato baƙin faifan nan marar sikirin da kake zane a kansa kana kallon fuskar kwamfuta. Wacom na Japan su ne tsofaffin hannu, sai Huion da XP-Pen na China da suka zo suka karya farashi. Ƙananan duk ƙasa da dala 100 suke, wasu ma ba su kai 50 ba. Da shi na fara, kuma har gobe yana cikin durowata yana aiki.

Wajen ƙarko ba shi da na biyu, tun da babu gilashin da zai fashe, babu batir a cikin mai waya, alƙalaminsa ma ba a cajinsa. Abin da yake ƙarewa kawai bakin alƙalamin ne, ɗan tsinken roba, yana cinyewa a hankali kamar alli, kuma suna sako wasu a cikin kwali. Wuta kuwa daga jikin laftof yake sha kaɗan, ke nan ƙarfinka ƙarfin batirin laftof ɗinka ne, in tokumbo ce mai batir ɗin minti arba'in to minti arba'in ɗin ke nan. Wannan shi ne ainihin kuɗin da ke ɓoye, allon araha ne amma laftof ɗin da za ta ɗauki babban zane ba tare da tana sandarewa ba, ka nemi mai RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, 8 zuwa sama, 16 ta fi, ita ce mai cin kuɗin.

Koyo fa akwai ɗan jan aiki. Hannu na ƙasa ido na sama, satin farko za ka ja layi ka ga ya tafi inda ba ka aike shi ba, ka zana da'ira ta fito kamar ƙosai. Sati biyu zuwa uku hannu yake sabawa, daga nan kuma ba ka ma tunawa. Wani alherinsa da ba a faɗa, kana zaune a miƙe kana kallon gaba, wuya da baya ba sa ciwo kamar mai duƙufa a kan gilashi awa shida.

Inda ya fi ƙarfi shi ne manhaja. Kana kan kwamfuta, komai a buɗe yake: Krita kyauta ce kuma ta ishi ƙwararre, Clip Studio Paint a kwamfuta ana iya sayenta sau ɗaya, Photoshop kuɗin wata-wata ne, sai kuma CorelDraw da kusan duk mai buga takarda a Shomolu ita ce a gabansa. Wanda ko laftof ba shi da ita, da yawa daga cikin allunan nan suna aiki da wayar Android ta 'yar wayar haɗi da ake ce wa OTG, ka sauke manhajar ibisPaint ka fara, a takure ne amma na san waɗanda da haka suka tara kuɗin laftof.

Allo mai sikirin

Wannan shi ne wanda kake zane kai tsaye a kan gilashi, amma fa ba kwamfuta ba ne, sai an jona shi da laftof. Nan mutane suke ruɗewa, su ga hoto su ɗauka kamar iPad yake, su saya su kai gida su kunna ya ce babu sigina. Wacom Cintiq, Huion Kamvas, XP-Pen Artist duk 'yan gida ɗaya ne. Masu inci 13 na kamfanonin China suna wajen dala 200 zuwa 300, Cintiq ya fi haka nesa ba kusa ba.

Daɗin aiki kam akwai, ido da hannu wuri ɗaya, ga manhajojin kwamfuta duka, wanda ya saba da fensir da takarda rana ɗaya ta ishe shi. Amma a Legas shi ne ya fi kowanne shan wahala. Fuska biyu kake kunnawa lokaci ɗaya, in daga laftof yake jan wuta batirinta zai zube kamar an huda tulu, in kuma babba ne mai filoginsa daban to ana ɗauke wuta ya mutu nan take. Ga wayoyi, HDMI da USB da ta wuta, sai dai in laftof ɗinka tana da ramin USB-C mai fitar da hoto, wanda ba kowace ke da shi ba, ka tabbatar kafin ka biya.

Nawa na yi shekara biyu da shi, abin da ya raba mu waya ce. Wayar nan mai kai uku ta fara motsi a gindi, in na ɗan taɓa tebur sai fuskar ta yi baƙi ta dawo, ina tsakiyar littafin yara mai shafi 24 da saura kwana biyar in miƙa. Na shiga Ikeja na zagaya layi-layi, kowa ya karɓa ya jujjuya ya ce "wannan sai oda", ƙarshe da salatif na ɗaure ta a jikin littafi na ƙarasa aikin ko numfashi mai ƙarfi ba na yi kusa da tebur. Wanda zai saya ya haɗa da waya ta biyu tun ranar farko, ya ajiye. Gilashin kuma in ya fashe, masu gyaran waya sun cika gari amma wanda ke da irin gilashin a hannu wuya gare shi.

iPad da Apple Pencil

To ga wanda kowa ke mafarki. Kuma gaskiya ba a banza ba. Batirin Apple sun ce yana kai awa 10, da zane mai nauyi bai kaiwa haka amma yana raba ka da dare, pawa bank mai ƙarfi yana cajinsa, ka sa shi a jaka ka tafi wajen kwastoma a Obalende ko Idi-Araba ka gyara masa hancin katun ɗinsa a gabansa ya ce ya yi, a wuce wajen. Manhajar Procreate, wadda wani kamfani a Tasmaniya ta Ostireliya ya fitar a 2011, sau ɗaya ake sayenta, dala 12.99, babu kuɗin wata, kuma a kan iPad kaɗai take. Tana naɗar bidiyon zanenka da kanta tun daga layin farko, wannan ɗan bidiyon na daƙiƙa 30 ya kawo min kwastomomi fiye da duk wata talla da na taɓa yi.

Kuɗi: iPad mafi araha sabo a Amurka daga dala 349 ya fara, Air daga 599, kafin ya iso Legas an ɗora nasu. Alƙalami daban ake saye, kuma a nan ne rami yake, ka buɗe ido da kyau. Apple Pencil kala huɗu ne. Na farko dala 99, na biyu 129, Pro 129, sai mai USB-C dala 79 wanda ya fi araha, kuma shi wannan ba ya jin nauyin hannu, ko ka danna ko ka sassauta kaurin layin ɗaya ne. Na rubutu ne ba na mai zane ba. Haka jabun da ake sayarwa da araha, farare tas kamar na gaske, su ma ba sa jin nauyin hannu. Sannan ba kowane alƙalami ke shiga kowane iPad ba, na biyun ba ya aiki da iPad 10, ba ya aiki da Air da Pro na 2024, shi iPad 10 in kana son jin nauyin hannu sai na farkon tare da ɗan adafta. Batirin alƙalamin kuma ba a canzawa, in aka yasar da shi watanni babu caji yana iya mutuwa gaba ɗaya, don haka tokumbon alƙalami abin tsoro ne.

Shi kansa tokumbon iPad ɗin, da ɗan gari akan ci gari, ka tafi Computer Village da wanda ya san wajen, kuma kar ka yi cinikin biri a sama. A goge shi tas a gabanka, a kunna daga farko, ka sa naka asusun da hannunka. In ya tsaya yana tambayar iCloud ɗin wani, wato asusun Apple na mai shi na farko, ajiye musu kayansu, wannan makullin ba mai buɗe maka shi na dindindin ko me suka rantse da shi. In ya nuna wata makaranta ko kamfani ke kula da shi daga nesa, shi ma bar shi. Sannan ka jona alƙalami, ka ɗora rula a kan gilashin ka ja layi a karkace a hankali, kusurwa zuwa kusurwa. In layin yana rawa ko yana yankewa a wani wuri, akwai yiwuwar an canza gilashin da wanda ba na asali ba. Minti goma ne wannan gwajin, mai shago zai ƙosa yana ce maka "Aboki, ka saya ko ka tafi", ƙyale shi ya ƙosa, ka karɓi rasit mai lambar na'urar.

Rauninsa a wajen ɗab'i yake fitowa. Procreate ba ta yin bekta, wato irin zanen da ake buɗa shi daga girman kati zuwa girman allon talla bai fashe ba, ke nan tambari da ita sai dai zayyanar farko. Kuma yawan leya, wato shimfiɗun zane da ake ɗorawa ɗaya kan ɗaya, da za ta ba ka ya danganta da girman shafi da ƙarfin iPad ɗin, shafin A4 a dpi 300, wato ma'aunin ingancin bugu, a kan tsohon iPad za ka ga leyoyin sun ƙare kana tsaka da aiki sai ka riƙa haɗe wasu. Sai maganar kala. Fuskar iPad tana da haske da kyau har ta yi yawa, ni ta taɓa rufta ni: na yi wa wata hajiya katin bikin 'yarta, shuɗi mai ƙyalli da ruwan hoda irin na anko, a fuska kamar ka lasa, na tura a RGB, tsarin kalar sikirin, ban juya shi CMYK, tsarin kalar injin ɗab'i, ba. Da aka bugo guda 300 shuɗin ya koma kamar tsohuwar shadda da ta sha wanki. Ta kira ni ta ce "Ɗana, wannan ai ba shi ka nuna min ba", kuma gaskiyarta, laifina ne ba na mai injin ba, rabin kuɗin sake bugawa daga aljihuna ya fita. Procreate tana da CMYK, amma tun wajen buɗe sabon shafi ake zaɓa, kuma ko ka zaɓa ka sa a bugo maka gwaji ɗaya ka gani da idonka kafin a saki injin.

Tab ɗin Samsung mai S Pen

Wannan ba a cika maganarsa ba alhali ga mai ƙaramin ƙarfi ya cancanci a duba. Galaxy Tab jerin S, har da S6 Lite da masu FE, alƙalamin, wato S Pen, yana cikin kwali, ba sai ka sake biya ba, yana jin nauyin hannu, kuma ba ya buƙatar caji don zane saboda fasahar Wacom ce a ciki. Batir da sauƙin ɗauka kusan kamar iPad. Babu Procreate, sai ibisPaint da Krita da Clip Studio, ita kuma Clip Studio a tab kuɗin wata ko na shekara ne, ka san kuma yadda biyan kuɗin waje da katin naira yake yi wa mutane gardama lokaci-lokaci. S6 Lite RAM 4 gare ta, katun da aikin Instagram lafiya lau, babban shafi mai leya da yawa sai ta fara nishi. Ka kula kar a miƙo maka Tab A9 a ce ai duk ɗaya ne, ba ta aiki da S Pen. In tokumbo ce a tabbatar an cire asusun Google da na Samsung na mai ita na farko.

| | Makahon allo | Mai sikirin | iPad | Samsung |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farko | ƙasa da dala 100 | wajen dala 200 zuwa sama | daga dala 349 sabo | tsaka-tsaki |
| Abin da za a ƙara | laftof | laftof, waya ta biyu | alƙalami, Procreate | wataƙila kuɗin manhaja |
| In babu wuta | gwargwadon batirin laftof | ya fi kowa saurin mutuwa | yana kai dare | yana kai dare |
| Ƙarko | shekaru | waya da gilashi ne matsala | sai dai faɗuwa | sai dai faɗuwa |
| Koyo | sati biyu zuwa uku | nan take | nan take | nan take |
| Aikin ɗab'i da bekta | ya dace | ya dace | sai da dabara | sai da dabara |
| Haɗarin tokumbo | kaɗan | a gwada fuska da waya | babba | matsakaici |

Abu ɗaya da teburin bai nuna ba: sata da ƙwace. iPad da tab kaya ne masu jan ido, ba a fito da su a gosulon Oshodi taga a buɗe, makahon allo kuwa ko ka manta shi a danfo mai yiwuwa kwandasta ya ɗauka faranti ne. Duk wanda ka saya, aikin kwastoma ya kasance yana da kwafi a wani wuri, Google Drive ko filashi, ranar da na'ura ta tafi kar ta tafi da aikin wata guda.

To wa zai ɗauki wanne

In kana da laftof mai ɗan ƙarfi a hannu kuma kuɗinka kaɗan ne, makahon allo da Krita, ragowar kuɗin ka canza wa laftof ɗin batir ko ka ƙara mata RAM. Haka in yawancin aikinka tambari ne da fosta da kalanda da duk abin da zai bi ta Shomolu, kwamfuta ce gidanka, don fayil ɗin da za su karɓa ba musu daga can yake fitowa.

In aikinka katun ɗin mutane ne, hoton ango da amarya, sitika, zanen da zai ƙare a waya, ko kana yi wa 'yan waje aiki a shafin intanet na Fiverr inda suke cire kashi 20 cikin 100 kuma jinkirin kwana ɗaya yana taɓa maka tauraron da kwastomomi ke ba ka, kuma unguwarku wuta sai an ga dama, iPad da alƙalami mai jin nauyin hannu. In kuɗin bai kai ba kar ka ci bashi, Samsung mai S Pen za ta yi maka kusan wannan aikin.

Allo mai sikirin na wanda ya riga ya zauna ne, yana da tebur nasa da ba a motsawa, da inbata ko sola, yana yin littafi mai shafuka da yawa ko barkwanci mai dogon zango. Wanda ke ɗaki ɗaya da yara suna guje-guje suna jan waya ya haƙura da shi tukuna.

Mai littafin yara irina kuwa ƙarshenta biyu yake haɗawa, in zana a iPad in fitar da shi PSD, wato fayil ɗin Photoshop, in ƙarasa rubutu da kala da jeren shafi a laftof. Shi yaron da ya tambaye ni, da na bincika sai na ji yayansa ya bar masa tsohuwar laftof mai RAM 8, kuma aikin da yake samu yanzu duk na masu shaguna ne a Agege da Mile 12 masu son tambari da sitikar roba, sai na ce masa ranar Asabar ya same ni a tashar Ikeja Along mu je mu ɗauko makahon allo matsakaici, canjin kuma a saya wa laftof ɗin sabon batir.